Daɓen ƙofar gidana ya tsage ya kuma lotsa, zan iya gyara shi da kaina?

Abban Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini. Daɓen kankare gare ni daga bakin get zuwa inda nake ajiye mota, a nan Kano. Tun daminar bara ya fara tsagewa, bana kuwa abin ya ci tura. Wajen bakin get ɗin ya lotsa, ruwa na kwanciya a wurin, in zan shigo sai in ji ƙasan mota ya gogi kankare. Ina da ragowar siminti buhu biyu tun lokacin ginin katanga. Niyyata ranar Asabar ni da ƙannena mu kwaɓa mu cike wurin, mu shafe tsagar. Kuɗin kiran ma'aikata ba ya hannu a yanzu. Wanda ya san yadda ake yi ya taimaka mana.

Sadiq:
Wa alaikumus salam. Yaya wannan ai ƙaramin aiki ne. Ku share wurin, ku yayyafa ruwa, ku kwaɓa siminti da yashi ku zuba har ya zo daidai da sauran. Kafin la'asar kun gama. Haka muka yi a gidanmu.

Malam Iro Birkila:
Sadiq, yaushe kuka yi naku, kuma me ke bi ta kai? Abban Hafsat, don Allah kada ka buɗe buhunan nan tukuna. Kankare ba ya lotsawa haka siddan. In ka ga ya sauka, abin da ke ɗauke da shi ne ya gudu daga ƙarƙashi, kuma duk abin da ka shafa a sama bin sa zai yi. Ɗauki guduma ka bi daɓen kana ƙwanƙwasawa kana saurare. Inda yake zaune daram a kan ƙasa za ka ji sautin a toshe, inda akwai kogo za ka ji yana amsa kuwwa. Sannan ka ɗora miƙaƙƙen katako a kan tsagar ka ga ko ɓari ɗaya ya fi ɗaya tudu. Ka kuma faɗa mana inda ruwan rufin gidan yake zuba, ko akwai bishiya kusa, da ko babbar mota ta taɓa shiga.

Sadiq:
Watan jiya muka yi Malam, kuma babur ne kawai ke bi.

Malam Iro Birkila:
To naku bai ga hunturu ba tukuna, kuma nauyin babur daban na mota daban. Allah ya sa ya riƙe muku.

Abban Hafsat:
Malam na yi yadda ka ce. Daga wurin ajiye mota zuwa tsakiya sautin a toshe yake, tsagar wurin kuma siririya ce, ko farce ba ya shiga. Amma daga tsakiya zuwa get, kamar ƙafa bakwai, amsawa yake yi sosai. A nan tsagar tana cin ɗan yatsa, ɓarin get ya sauka da kusan inci biyu. Na zura tsinken tsintsiya ya shige gaba ɗaya bai taɓa komai ba, tururuwa ma na fito da yashi ta wurin. Indararon falo a gefen nan yake zuba. Bishiya babu, darbejiyar tana can bayan gida. Babbar mota kuwa, tankar ruwa takan shigo da rani, tifa ma ta taɓa juye yashi a ciki. Wani abu da na tuna, ta wajen nan aka haƙa rami aka shigo da bututun ruwa kafin a yi daɓen.

Injiniya Rabi:
Sannunku da ƙoƙari. Abban Hafsat, bayanin nan naka ya raba aikin gida biyu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Siririyar tsagar ta ciki ba ta da wata illa. Kankare yana ɗan tsukewa lokacin da yake bushewa, in ba a yanka masa layin da zai tsage a kai ba, sai ya zaɓi wuri da kansa. Tunda ɓangarorin biyu suna daidai kuma ƙasan a cike yake, toshe ta kawai za ka yi don kada ruwa ya samu hanya. Ka ɗan faɗaɗa bakinta da kurfi, ka share ƙurar tas, ka jiƙa wurin, ka shafa ruwan siminti mai kauri, ka cusa kwaɓin siminti ɗaya yashi uku tun ruwan simintin bai bushe ba. Akwai wani farin ruwa mai kama da madara da ake kira SBR, masu kayan gini a Ƙofar Ruwa suna sayarwa, in ka zuba kaɗan a kwaɓin ya fi kama tsohon kankare.

Na bakin get shi ne aikin. Ramin bututu in aka mayar da ƙasa aka ture ta da shebur kawai ba a daddaɓe ba, sai ta yi ta zama a hankali. Ruwan indararo ya shiga ta tsaga ya ƙara kwashe ta, daɓen ya zama yana rataye a kan iska, tanka ta hau ta karya shi. Wannan ɓangaren fasa shi za a yi. Ba ni da wata hanya mai sauƙi da zan ba ka wadda zan iya tsayawa a kanta.

Abban Hafsat:
Innalillahi. Injiniya, ba za a iya ɗura ruwan siminti ta tsagar ya cike kogon ba? Na ga wani ya yi haka.

Injiniya Rabi:
A ƙasashen waje akwai masu huda kankare su tura kwaɓi da inji har ya ɗago, amma da ƙarfin inji ake yi. Wanda za ka ɗura da bokiti gangarawa zai yi inda ya ga dama, ba ka ganin inda ya cika da inda bai cika ba, kuma ba zai ɗaga inci biyun da ya sauka ba. Ga shi kuma ba mu san halin da bututun yake ciki ba. In yoyo yake yi, ka binne matsalar ke nan a ƙarƙashin siminti.

Alhaji Garba Kaduna:
Ni shawarata, tunda fasawa za a yi, a fasa gaba ɗaya a sa intalok, wato ƙananan tubalan siminti da ake jerawa a kan yashi, a huta. Nawa ya kai shekara da shekaru. Da wani gefe ya lotsa, yara na sa suka ɗebe tubalan, muka ƙara yashi, muka mayar, ko buhun siminti ɗaya ban saya ba. Kankare kuwa in ya tsage ya tsage ke nan, duk facin da ka yi sai an gan shi.

Musa Maraɗi:
Gaskiya Alhaji ya faɗa. Mu nan Nijar pabe muke ce masa, har titunan cikin gari ake shimfiɗa shi. In 'yan ruwa za su gyara bututu, ɗagawa suke su gama su mayar. Ga mai bututu ƙarƙashin ƙofar gida, ni ina ganin ya fi.

Malam Iro Birkila:
Alhaji, ranka ya daɗe, ban ƙi taka ba, amma mutumin nan ya ce kuɗi ba ya hannu. Rabin daɓensa lafiya lau yake, don me zai fasa abin da bai lalace ba? Kuma intalok ɗin ma a kan ƙasa yake zama. In aka shimfiɗa shi a kan wannan ramin ba a daddaɓe ba, damina ɗaya zai yi kwari daidai sawun taya. Na sha ɗaga irinsu. Ga kuma masu buga shi, wasu suna ja wa buhu ɗaya yashin da ya fi ƙarfinsa, ka ɗauki tubali ka murza gefensa da yatsa ka ga yana zuba. Wanda zai saya ya ɗaga guda ɗaya daidai ƙirji ya sake shi a kan ƙasa mai tauri, in ya dare ya bar wurin.

Alhaji Garba Kaduna:
Wannan gaskiya ne, sai an zaɓa. Nawa a gabana aka buga.

Injiniya Rabi:
In ƙara a kan na Malam Iro ga wanda zai bi hanyar intalok. Kaurinsa iri biyu aka fi samu, milimita 60 da milimita 80. Na 60 ya ishi ƙaramar mota, inda tanka ko tifa ke shiga na 80 ake so. Yashin da ake shimfiɗawa ƙarƙashinsa kada ya wuce santimita 3 zuwa 5, kuma ba da shi ake cike rami ba, shimfiɗa ce kawai. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne gefe. Dole a ɗaure gefunan da kankare ko dutsen gefe, in ba haka ba duk lokacin da taya ta juya tubalan suna buɗewa, yashin tsakaninsu ya zube. Mai kusurwa huɗu na santimita 20 da 10, guda 50 ke rufe murabba'in mita ɗaya, sai mutum ya yi lissafinsa ya ƙara kaɗan saboda yanka.

Abban Hafsat zai iya haɗa biyun ma: ya bar kankaren ciki, ya sa intalok a ƙafa bakwai ɗin bakin get inda bututu yake.

Bukar Maiduguri:
Ni tambaya gare ni. A wajenmu akwai wuraren da ƙasar baƙar laka ce, firgi. Da rani ta dare har ƙafar akuya na faɗawa, da damina ta kumbura. Duk daɓen da aka yi a kai sai ya karye. Can ma daddaɓewar ce magani?

Injiniya Rabi:
A'a Malam Bukar, wannan ƙasar ko ka daddaɓe ta ba ta daina motsi, don ruwa take sha ta kumbura, ta bushe ta tsuke. Ana samun irinta a Borno da sassan Adamawa da Gombe. Kwashe ta ake yi a zurfafa, a kawo jar ƙasa ko burji a maye gurbinta, a kuma nisanta ruwa daga wurin. A irin wannan ƙasa ni intalok zan zaɓa kai tsaye, saboda in ta motsa shi ma ya bi ta ba tare da ya karye ba, ka ɗaga ka gyara.

Alhaji Garba Kaduna:
Wani abu kuma Abban Hafsat, in za ka sake zubawa ka ɗaga bakin get ɗin sosai ya fi titi tudu, ka yi masa gangara zuwa waje. Ruwan titi ba zai ƙara shigo maka ba.

Maman Walid:
Alhaji don girman Allah a yi hattara da wannan shawarar. Abin da ya same mu ke nan. Maƙwabcinmu ya ɗaga ƙofarsa, ya zubo gangarar kankare har ta haye lambatu ta toshe shi. Shi motarsa na shiga lafiya, mu kuwa duk ruwan layin a zaurenmu yake tsayawa. Watan Agustan bara da dare muka tashi muna kwalfe ruwa da bokiti ni da yara, buhun masarar da ke zauren ya jiƙe, ƙasan katangarmu har yanzu a jiƙe yake yana ɓarɓashi. Sai da mai unguwa ya shiga maganar kafin a fasa. Mutum ya gyara ƙofarsa, amma ya tuna ruwan da ya kora gidan wani zai je.

Alhaji Garba Kaduna:
Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri Maman Walid. Ban ce a toshe lambatu ba, amma kin yi daidai da kika faɗa, don da yawa haka suke yi.

Malam Iro Birkila:
Allah ya saka miki Hajiya. Ni in mai gida ya ce in cike masa lambatu ajiye cokalina nake yi. Hanyar da ta dace, a bar lambatun a buɗe da faɗinsa da zurfinsa, a zuba masa murfi na kankare mai rodi, gunduwa gunduwa yadda mutum biyu za su iya ɗagawa a kwashe shara. In babu ginannen lambatu a sa kwalbati. Kuma daga bakin katanga zuwa titi ba filin mai gida ba ne, ko hukumar tsara birni ta zo tana da ikon fasawa.

Abban Hafsat:
In sha Allahu ba zan taɓa lambatu ba, namu a buɗe yake kuma da murfi. Na fi karkata ga sake zuba kankare saboda ya zama iri ɗaya da na ciki, bututun kuma in ya yiwu in karkatar da shi ta gefen katanga. Malam Iro, Injiniya, ku ba ni yadda zan bi daki daki.

Malam Iro Birkila:
To bismillah. Ka ja layi da alli ka wuce inda sautin ya fara toshewa da kamar tafin hannu, ka shiga cikin mai lafiya kaɗan. In za ka samu injin yanka irin na masu tayil ka bi layin da shi, bakin zai fita a miƙe, in babu sai kurfi da haƙuri. Sannan babbar guduma. Ka fara daga inda ya riga ya karye. Da ka kusa layin bututu ka ajiye diga ka koma shebur da hannu, ka kuma tabbata babu wayar wuta da ta bi ta wurin, musamman in akwai fitila a kan get.

Ka kwashe duk ƙasar da ta yi laushi har sai ka taras da mai tauri. Daga nan ne aikin gaske yake, kuma shi ne wanda ba wanda zai gani in an gama. Jar ƙasa za ka riƙa zubawa kaɗan kaɗan, kada ta wuce inci huɗu a zubi ɗaya, ka yayyafa ruwa ta yi danshi, yadda in ka dunƙula a hannu za ta kama amma ba ta ɗiga, ka daddaɓe har sai sawun takalminka ya daina fita, sannan ka ƙara wani zubin. In da hali ka yi hayar kompakta, wato injin daddaɓe ƙasa, na yini ɗaya. In babu, ka cika gwangwanin fenti da kankare ka kafa masa sanda ya kwana biyu, ya zama abin duka. A saman ka shimfiɗa tsakuwa inci huɗu ita ma ka daddaɓe.

Baba Audu:
Iro ka tuna mini da daɓen iyayenmu mata. Yini guda za su yi a ɗaki ɗaya da madaɓi suna duka suna waƙa, a zuba tsakuwa a yayyafa ruwan makuba a sake duka. Babu siminti ko cokali ɗaya a ciki, amma ɗakin ya shekara nawa bai fashe ba. Dukan ne ke riƙe shi. Yaran yanzu sun ɗauka ƙarfin yana cikin buhu.

Malam Iro Birkila:
Allah ya ƙara maka lafiya Baba, haka abin yake.

Kamal:
Ni fa ina ganin ana tsorata bawan Allahn nan ne. Kowane birkila so yake a ce aiki ya fi ƙarfin mai gida don a kira shi. A intanet mutane na zuba nasu su kaɗai.

Malam Iro Birkila:
Kamal, da neman aiki nake da ban zauna ina rubuta masa sirrin sana'ata kyauta ba. Fasawa, kwasar ƙasa, daddaɓewa, ban ruwa, duk shi da ƙannensa za su yi, kuma sun fi lebura yi da kyau tunda gidansu ne. Nan ne ma yawancin kuɗin aiki yake tafiya. Abin da nake ba shi shawara ya nemi mai hannu a kai shi ne ranar zubi kawai. Kankare ba ya jira. Daga kwaɓawa kana da abin da bai fi rabin awa zuwa minti arba'in da biyar ba kafin ya fara kamawa, a cikin wannan lokacin za a zuba, a soke shi iska ta fita, a ja katako, a fitar da gangara. Wanda bai saba ba yakan bar kwari a tsakiya, ruwa ya dawo ya kwanta inda aka yi aikin don a kore shi. Ba sai ni ba, kowane birkila na unguwarsu ya isa, na rabin yini.

Kamal:
To na fahimta Malam, a yi haƙuri. Amma dai wanda ya ga zai iya ya gwada.

Injiniya Rabi:
Zai iya, in ya fara da ɗan ƙaramin wuri ya ga yadda hannunsa yake. Ga lissafin kayan. Ka ce tsawon ƙafa bakwai ne, faɗin get nawa?

Abban Hafsat:
Ƙafa goma.

Injiniya Rabi:
To. Ƙaramar mota kaurin inci huɗu ya ishe ta, amma tunda tanka na shiga ka yi inci shida. Ƙafa goma sau bakwai a kaurin inci shida ya kama kusan kubik mita ɗaya. Awon shi ne ɗaya, biyu, huɗu: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhu mai kilo 50 yana cika kwanon sarki biyu, saboda haka kowane buhu zai ci kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Ka tanadi buhu bakwai, yashi kwano 28, tsakuwa kwano 56. A auna da kwano, kada a ƙirga da shebur, don shebur ɗin safe da na azahar ba ɗaya ba ne.

Yashin ya zama na kogi mai kaifi, ba mai laushin da ake filasta da shi ba. Ka gwada shi: zuba a kwalba zuwa rabi, cika da ruwa, girgiza, ajiye ya kwanta. Laka za ta taru a sama. In ta kai kashi ɗaya cikin goma na yashin, ka canza.

Sai ruwa, wanda a nan aka fi ɓata kankare. Buhu ɗaya kada ya sha fiye da jarka ɗaya mai lita 25, in yashin a jiƙe yake ma a rage. Masu kwaɓa suna son su tsinka shi ya yi ta gudu don ya yi sauƙin ja, amma ruwan da ya yi yawa in ya ƙafe ƙananan ramuka yake bari a ciki, saman ya riƙa ɓarɓashi.

Buhunanka biyu na tun ginin katanga, ka buɗe ka duba. Siminti in ya wuce wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa, balle ya ga damina. In akwai gudaje ka murza, waɗanda suka ƙi murzuwa sun riga sun sha danshi. Ka bar su don toshe ƙananan tsaga in garin na da kyau, zubin bakin get kuwa ka sayi sabo. Dangote ne, BUA ne, Ashaka ne, duk wanda ya samu, ka dai duba lambar jikin buhu, akwai 32.5 akwai 42.5, na biyun ya fi ƙarfi kuma shi zan zaɓa a nan.

Musa Maraɗi:
Mu na Malbaza muka fi samu, da wanda ke shigowa daga Najeriya. Injiniya, ƙarfe fa? Wasu sun ce in an sa rodi ba ya tsagewa.

Injiniya Rabi:
Rodi ko wayar raga ba sa hana tsaga, riƙe ta suke kada ta buɗe, kada kuma ɓari ɗaya ya sauka ya bar ɗaya. Yana da amfani a inda tanka ke bi. Sharaɗin shi ne ya zauna a cikin kankaren, ba a kwance a ƙasa ba. A ɗora shi a kan 'yan gutsattsarin kankare ya tashi zuwa tsakiya ko sama da tsakiya kaɗan. Wanda aka shimfiɗa a ƙasa aka zuba a kai, tsatsa kawai zai yi. Kuma ƙarfe ba ya maye gurbin daddaɓe ƙasa.

Gangara kuma, santimita 2 a kowace mita ɗaya ta isa, a ja zare daga ciki zuwa bakin lambatu a duba da lebul. Tsakanin tsohon kankare da sabo a sa siririn katako ko soso a raba su. Wanda zai zuba wuri mai tsawo ya yanka layi duk bayan ƙafa takwas zuwa goma, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin. A ƙarshe a ja tsintsiya a saman ya yi kaushi, kada a goge shi sumul kamar tsakar ɗaki, da damina santsi zai yi.

Sadiq:
Mu mun barbaɗa busasshen siminti a sama muka goge, ya yi kyau ƙwarai.

Malam Iro Birkila:
Yana kyau a ido, amma ɓawo ne siriri, taya na murza shi zai fara tashi falle falle. A ɗaki ana yi, a hanyar mota ban yarda da shi ba.

Malama Hauwa:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba na gini ba, amma muna ganin masu aikin. Jiƙaƙƙen siminti yana ƙona fata, kuma ba a jin zafin nan take, sai bayan awanni mutum ya ga ƙafa ta saɓule. Ƙannen naka kada su shiga kwaɓi da silifas ko ƙafa ba takalmi, a nemi takalmin roba mai tsawo da safar hannu. In ya shiga cikin takalmi a cire a wanke nan da nan. In ya faɗa ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kamar minti ashirin sannan a tafi asibiti. Lokacin yanka da fasawa a jiƙa wurin, a rufe hanci, a sa tabarau, yara kuma su yi nisa.

Abban Hafsat:
Na gode Malama, wallahi ban kawo wannan a raina ba. Sai maganar lokaci. Yanzu muna tsakiyar damina, in yi ko in jira?

Alhaji Garba Kaduna:
Ka jira rani. Ruwan sama in ya sauka a kan ɗanyen kankare ya wanke simintin, asara ce.

Malam Iro Birkila:
A nan na saɓa da Alhaji. Ruwan sama na awannin farko ne kawai abin tsoro, kuma leda babba ta magance shi. Bayan ya kama, damina gata ce a gare shi, don danshi yake so. Wanda nake tsoro shi ne hunturu da bazara. Iskar hunturu tana zuƙe ruwan saman kafin ka gama gogewa, ka ga ya yi tsaga tsaga tun a ranar. Zafin Afrilu kuma ya sa ya kama a cikin baro. Ni da nawa ne, yanzu zan fasa in gyara ƙasan, in bar tsakuwa a sama mota na bi, ruwa ya sauka a kai sau biyu ko uku ya nuna mini inda zai ƙara zama, in cike, sannan in zuba wajen ƙarshen Satumba da sassafe.

Injiniya Rabi:
Na goyi bayan Malam Iro, da sharaɗin a fara kawar da ruwan indararon daga wurin tun yau, ko da bututun roba ne a kai shi lambatu. Kuma ko yaushe aka zuba, ban ruwa wajibi ne. Kankare ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, kuma tana ci gaba kwanaki. A rufe shi da buhunan algarara ko yashi, a riƙa jiƙawa safe da rana da yamma har kwana bakwai aƙalla. A kwana bakwai ya samu kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, ƙaramar mota na iya hawa. Tanka da tifa sai bayan kwana 28.

Maman Walid:
Ka nemi inda motar za ta riƙa kwana tun yanzu, don na san maza, kwana uku za ka ce ai ya bushe.

Abban Hafsat:
Na riga na yi magana da maƙwabcina, ya ce in ajiye a gidansa. Ga kuma labarin yau. Mun fasa da safe. Kaurin daɓen a wajen get bai fi yatsa biyu ba, a gefe ne kawai aka yi shi da kauri inda ido ke gani. Ƙarƙashinsa ɓaraguzan bulo ne da ledoji da guntun katako da gara ta cinye, ga kogo da hannuna ya shiga har gwiwar hannu. Da muka kai kan bututun muka samu mahaɗarsa na ɗiga, ƙasar wurin ta zama taɓo. Na kashe ruwan, gobe mai gyaran famfo zai zo ya mayar da layin ta jikin katanga. Tambayata, wannan tulin kankaren da muka fasa, zan iya mayar da shi cikin ramin ko sai na kwashe?

Malam Iro Birkila:
Sannunku da aiki, Allah ya ba da lada. Kankaren zai yi amfani, amma sai kun farfasa shi kada wani ya wuce girman dunƙulen hannu. Manya in aka jefa su haka suna barin kogo a tsakaninsu, a koma gidan jiya. Ku jera su a ƙasan ramin, ku zuba jar ƙasa ta shiga tsakani, ku daddaɓe, sannan zubi na gaba. Ɓaraguzan bulo da leda da katako kuwa a fitar da su duka. Taɓon ma a kwashe shi har a kai busasshiyar ƙasa, a bar ramin ya sha iska yini ɗaya, in hadari ya taso a rufe da leda. Kuma kafin ku rufe sabon layin bututun, ku kunna ruwa ku bar shi ya kwana, da safe ku shafa kowace mahaɗa da hannu ku ji ko da danshi.